Tarihin Daddawa da Al'adar Ajiyarta a Ƙasar Hausa

Daddawa, wadda wasu ke kira daudawa, mahaɗin miya ce da ake yi da kalwa, wato ƙwayar da ke cikin 'ya'yan ɗorawa. Ana dafa kalwar, a surfe ta, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta nuna, sannan a kirɓa a shanya. Abin da ke fitowa baƙi ne wuluk, mai wari mai ƙarfi da kan sa baƙo ya toshe hanci, amma da zarar ya shiga tukunya sai warin ya koma ƙamshi, miya ta yi garɗi. Tun zamanin da babu tumatir babu magi a ƙasar Hausa, daddawa tana cikin 'yan kayan da uwargida ba ta yarda su yanke mata. Gida kan wayi gari babu nama, babu mai, amma muddin akwai garin kuka da gishiri da daddawa, tuwon dare ya samu miya. Tarihinta ya rataya ne a kan abubuwa uku: bishiyar da manoma suka daɗe suna karewa a gonakinsu, sana'ar da mata suka riƙe uwa tana koya wa 'ya, da al'adar tanadi da yanayin ƙasar ya tilasta wa kowane gida.

Bishiyar ɗorawa

Ɗorawa bishiya ce ta dajin da ke tsakanin hamada da kurmi. Ana samun ta tun daga Senegal a yamma har zuwa kudancin Chadi da Sudan ta Kudu da arewacin Yuganda a gabas. Takan kai mita 20 a tsawo, tana da faɗin inuwa, saiwarta kuma tana nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa take jure dogon rani. Ruwan sama matsakaici take so, don haka ta fi yawa a ƙasar Zazzau da Bauchi da Kwantagora da Nufe da kudancin Kano da Katsina, tana raguwa yayin da aka nausa arewa. A Jamhuriyar Nijar sai a can kudu ake ganin ta da yawa, musamman wajen Gaya. Sunayen wurare irin su Ɗorayi a birnin Kano da Ɗorawar Sallau a hanyar Kano zuwa Zariya suna nuna yadda ta zama alamar gari da matattarar jama'a.

Da rani take fure. Dunƙulallun jajayen furanninta suna reto a kan dogayen silla, jemagu suna zuwa musu da dare, ƙudan zuma da safe, kuma ta hanyarsu ne bishiyar ke samun barbara. 'Ya'yan suna nuna ne da bazara, dogaye, a tattare cikin nono-nono. A cikin kowace kwasfa akwai gari mai zaƙi, wanda daga launinsa ne Hausawa suka samo sunan launin ruwan ɗorawa, kalwa kuma tana kwance a cikin garin.

Lokacin nunar yana da muhimmanci ƙwarai. Bazara ita ce sa'ar da rumbu ya fara ja baya, sabon amfani kuma yana da sauran watanni. A irin wannan tsakani garin ɗorawa ya sha ceton mutane: yara su lasa, manya su dama shi da ruwa ko su haɗa da kunu. Matafiyin nan ɗan Sikotilan, Mungo Park, ya ba da labarin cewa a 1797, lokacin da yake ratsa ƙasar Jalonka a yankin Mali da Gini na yau, ya tarar da mutane cikin yunwa suna rayuwa da wannan gari. Kwasfar ma ba a yar da ita. Ana jiƙa ta a samu makuba, jan ruwan da ake yayyafa wa daɓe da bangon ƙasa don su yi ƙarfi su jure ruwa.

Saboda waɗannan amfanoni, manomi in yana sassabe yakan sare komai ya bar ɗorawa, kamar yadda yake barin kuka da kaɗanya da tsamiya da gawo. Mafi yawan ɗorayin da ke gonaki da kansu suka tsiro, aka raine su. Bishiyar dukiya ce da ake gada, ake jinginarwa, kuma akan ba da aron gona amma 'ya'yan ɗorawar da ke cikinta su ci gaba da zama na mai ita. A ƙasar Dagomba ta arewacin Gana al'ada ta kai har ga sanya 'ya'yan ɗorawa ƙarƙashin ikon sarakuna.

Yadda ake yin ta

Ɗanyar kalwa ba ta ciwuwa. Ɓawonta baƙi ne mai tauri, ƙwayar kuma ko an dafa ta ba ta da daɗi, tana da wuyar narkewa a ciki. Hikimar masu daddawa ita ce mayar da wannan ƙwaya abinci, kuma aikin yana cin kusan mako guda.

Bayan an ɓare 'ya'yan an fitar da garin, ana wanke kalwa a shanya. A haka takan shekara a buhu ba ta lalace ba, shi ya sa ake iya yin daddawa rani da damina. Ranar aiki, mai daddawa takan ɗora babbar tukunya, ta cika ta da kalwa da ruwa, ta yi ta iza wuta tana ƙara ruwa har awa 12 ko fiye, wani lokaci kwana da yini, sai ɓawon ya kumbura ya yi laushi. Sai a juye a turmi, a zuba toka ko yashi kaɗan, a surfa a hankali yadda ɓawo zai saɓule ba tare da ƙwayar ta dagargaje ba. A wasu garuruwa da ƙafa ake tattakawa. Daga nan sai wanki, wanda shi ya fi cin ruwa. A bakin rafi ko rijiya, ana zuba kalwar a ƙwarya ko tukunya mai huje-huje ana cuɗawa, ɓawo yana tasowa ana kwashewa, ana tsince tsakuwa da ƙwayoyin da suka ƙi dahuwa, har ta fito fes.

Sai a sake dafa ta awa ɗaya ko biyu, wasu da ɗan kanwa don ta ƙara laushi. A tsame ta da zafinta, a tsane ruwan, a zuba a kwando ko masaki da aka shimfiɗa wa ganye, a rufe da wani ganyen da buhu ko tsummoki, a kai lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Kwana biyu zuwa uku ba a buɗewa, ita kuwa tana yin ɗumi da kanta a ciki. In an buɗe, alamun nuna a bayyane suke: ta yi duhu, ta yi laushi har yatsa yana murƙushe ta, ta yi yauƙi, warinta ya cika gida ya tsallaka maƙwabta. A ƙasar Yarbawa akan sayar da ita a haka da ɗanshinta, an barbaɗa mata gishiri. A ƙasar Hausa kuwa akan ɗan sha mata iska, a kirɓa a turmi har ta haɗe, a cura, a lallatsa ta ta yi faɗi kamar tafin hannu, a jera a tabarma a rana. Tana bushewa tana ƙara baƙi da tauri. Wannan shanyar ce ta mayar da ita kayan ajiya da na fatauci, domin busasshiyar daddawa tana yin watanni ba ta canja ba.

Masana kimiyya sun bayyana abin da ke faruwa a cikin kwandon. A farkon shekarun 1980 Farfesa S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan ya nuna cewa wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, mai suna Bacillus subtilis, ita ce ke kan gaba wajen nunar da kalwa. Tana jure zafin dahuwa da ke kashe sauran ƙwayoyi, don haka in an rufe kwando sai fili ya zama nata. Tana farfasa furotin ɗin kalwa, ta fitar da sinadarin gulutamet mai ba miya ɗanɗanon nama, da iskar amoniya mai kawo warin. Kimanin kashi ɗaya bisa uku na busasshiyar daddawa furotin ne, kuma tana da mai da yawa, saboda haka ga gidan da ba ya samun nama a kai a kai tana cike wani gurbi a jiki, ba a baki kaɗai ba. Da irin wannan ƙwaya ce mutanen Japan ke yin natto da waken suya, mutanen Nepal kuma suke yin kinema.

Sana'ar ta mata ce tun asali. Da yake tana bukatar itace mai yawa da ruwa mai yawa, ta fi ƙarfi a hannun matan karkara da dattawan mata masu fita rafi da kasuwa. Matan kulle kan sara su sayar a cikin gida, ko su ɗora wa yara talla. Da ribarta ake zubin adashi, a yi biki, a tara wa 'ya kayan ɗaki, kuma akwai gidajen da aka san su da ita har ake ce musu gidan masu daddawa.

Matsayinta cikin kayan ajiya

Damina a ƙasar Hausa wata huɗu ce zuwa biyar. Sauran shekara ɗanyen ganye sai a fadama, kuma kafin zuwan manyan madatsun ruwa na ƙarni na 20 noman rani bai kai yadda yake a yau ba. Don haka kamar yadda maigida ke cika rumbu da gero da dawa bayan kaka, haka uwargida ke tara nata tanadin: ganyen kuka da aka shanya aka daka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, yakuwa, lalo, gabu, da kayan yaji irin su citta da masoro da kimba da kanumfari. Akan zuba su a tukwane da ƙorai da goruna, a rataye wasu a ragaya don gudun ɓera da gara.

Miyar wancan zamani ta bambanta da ta yau. Barkono da tumatir da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma sun iso Afirka ta Yamma ne bayan shekara ta 1500, ta hannun Turawan Fotugal da waɗanda suka biyo bayansu. Tumatir ma bai zama ruwan dare a tukunyar Bahaushe ba sai a ƙarni na 20. Kafin nan, kuka da kuɓewa su ke ba miya kauri da yauƙi, gishiri da kanwa su gyara ta, ɗanɗano kuwa daga daddawa yake fitowa. Ana daka ta tare da kayan yaji, a zuba a ruwan miya tun farko, a bar ta ta dahu sosai kafin a kaɗa kuka. Miyar da daddawarta ba ta dahu ba, mai ci yana ganewa tun daga lomar farko.

Daddawa ta shiga al'adun rayuwa. Tana cikin kayan gara da iyaye ke kai wa amarya tare da gishiri da kuka da man shanu da hatsi, don ta fara girki a ɗakinta ba tare da ta nemi aro ba. Ana sa ta a yajin maijego da farfesun da ake yi mata. Marar lafiyan da bakinsa ya mutu akan yi masa romo da daddawa da yaji don ya samu ya ci abinci. Tafiyayye kuma, ko falke ne ko almajiri ko maniyyaci, yakan ƙulla ta cikin guzuri, domin ba ta da nauyi, ba ta zuba, kuma kaɗan ɗinta yana isar tukunya.

Fatauci da shaidar matafiya

Da yake ɗorawa ta fi yawa a kudu, masu cin daddawa kuma suna ko'ina, kalwa da daddawa sun daɗe suna tafiya arewa a kan jakuna, daga kasuwar ƙauye zuwa ta birni. Abokan zamanta a tukunya kuwa daga arewa da gabas suke gangarowa. Ayarin Abzinawa yana kawo gishirin Bilma da Fachi a kan raƙuma, ya koma da gero da tufafi. Manda tana fitowa daga ƙasar Manga, kanwa ungurnu daga gaɓar tafkin Chadi, gishirin Foga kuma daga kwarin Foga a yammacin Nijar ta yau. Duk suna haɗuwa a manyan kasuwanni irin su Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Karin maganar nan ta daddawa da ke yi wa manda gorin baƙi tana tuna wannan zama tare a faifan mai kayan miya.

Sana'ar ta game yankin baki ɗaya, kowace al'umma da sunan da take kiran ta: iru a wurin Yarbawa, sumbala a ƙasashen Mande da Burkina Faso, netetu a Senegal, afitin a kudancin Benin, dawadawa a Gana. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sun ratsa ƙasashen ɗorawa tun daga ƙetaren Kwara har ƙasar Dagomba, kuma a zangunan da suka kafa an ci gaba da girkin gida da daddawa da kuka. Har yau haka abin yake a unguwannin Zango na Kumasi da Akara. Bishiyar ma ta tsallaka teku zamanin cinikin bayi. A tsibiran Karebiyan ne masanin tsirrai Nikolaus von Jacquin ya gan ta, ya bayyana ta a littafinsa na 1763.

Matafiyan Turai na ƙarni na 19 sun bar bayanai a kanta. Hugh Clapperton ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A littafin tafiyar da aka buga a 1826, masanin tsirrai Robert Brown ya rubuta rataye a kan itatuwan da aka tattaro, inda ya sa wa dangin bishiyar suna Parkia don tunawa da Mungo Park, wanda ya mutu a Busa a kan kogin Kwara. A nan ne aka kawo bayanin Clapperton cewa mutanen ƙasar suna sarrafa ƙwayar, su bar ta ta ruɓa, su wanke, su daka, su yi curi da ita, kuma tana yin miya mai kyau ga kowane irin abinci. Daga baya aka sa wa ɗorawar Najeriya suna Parkia clappertoniana, sunan da ya daɗe a littattafan makarantu kafin masana su tabbatar cewa iri ɗaya ce da Parkia biglobosa.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo ƙasar Hausa tare da ayarin gishiri na Abzinawa, ya isa Kano a watan Fabrairu na 1851. A littafinsa mai juzu'i biyar ya ambaci ɗorawa a wuraren da ya ratsa, da daddawa a matsayin hajar kasuwa. Zamanin mulkin mallaka, likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafin da ya fitar a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, inda ya yi bayanin ɗorawa da kalwa da makuba. Idan aka gwada waɗannan bayanai da abin da ake yi a ƙauyuka a yau, za a ga hanyar aikin ba ta canja sosai ba cikin shekara 200.

Daddawar da ba ta kalwa ba

Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, mata sun ɗauki dabarar suka ɗora a kan wasu ƙwayoyi. Mafi shahara ita ce daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Yakuwa tana yi a ƙasa mai ƙarancin ruwa, ana shuka ta a gefen gonar gero, don haka batso ta zama daddawar yau da kullum a sassa da yawa na Nijar da arewacin Sakkwato da Katsina. Ana dafa 'ya'yan da kanwa ko ruwan toka na tsawon sa'o'i, a rufe, a daka, a sake rufewa, sannan a shanya. Warinta ya fi na kalwa kaifi, kuma wanda ya tashi da ita ba ya jin miya ta cika sai da ita. Irinta ce ake kira bikalga a Burkina Faso, mbuja a arewacin Kamaru, furundu a Sudan. Ana kuma yin daddawa da 'ya'yan ƙirya, musamman a tsakiyar Najeriya.

Zuwan magi

A 1908 kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fitar da dunƙulen ɗanɗano, kuma a 1947 kamfanin ya shiga hannun Nestlé. A wannan shekara ta 1908 ne kuma Kikunae Ikeda, masanin kimiyya a Tokyo, ya gano cewa gulutamet ne sirrin wani ɗanɗano da ya bambanta da zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri, kuma daga bincikensa aka fara yin Ajinomoto a 1909, wanda Hausawa ke kira farin magi. Sinadarin da waɗannan kamfanoni suka gina kasuwarsu a kansa shi ne wanda matan Afirka ta Yamma suka daɗe suna samarwa a kwandon daddawa, shi ya sa harshen mutanen yankin bai yi baƙunta da sabon kayan ba.

Magi ya bazu a Najeriya bayan samun 'yancin kai, musamman a shekarun 1970 lokacin arzikin man fetur, da aka samu hanyoyin mota da tallar rediyo da ƙaruwar birane. Yana da sauƙin ɗauka, ba ya wari, ba ya bukatar daka, kuma ana sayen ƙwaya ɗaya a teburin mai kayan masarufi. Nestlé ta riƙa yin sa a masana'antarta da ke Agbara a jihar Ogun. Knorr da Royco da Onga suka shigo, Jumbo kuma ya yi ƙarfi a Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa. A birane an samu zamanin da wasu ke ɗaukar daddawa abin ƙauye, amare masu ilimin boko suna ƙyamar warinta a ɗakin girki.

Duk da haka magi bai kore ta ba. Abin da ya faru a yawancin gidaje shi ne haɗa su biyun a tukunya ɗaya. Jar miya ta tumatir da shinkafa ta fi karkata ga magi, amma miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa da taushe da fate da dafa-dukar manja sun riƙe daddawa. Kamfanonin ma sun gane haka. A shekarun 1990 Cadbury ta Najeriya ta fitar da dunƙule mai suna Dadawa, kuma magin da ake yi a Najeriya ana sa masa waken suya da aka nunar don ya kusanci ɗanɗanon da mutane suka saba. Bambancin da ke tsakaninsu a fili yake: dunƙulen kanti kusan rabinsa gishiri ne, daddawa kuwa abinci ce mai gina jiki. Yawaitar hawan jini da gargaɗin likitoci kan cin gishiri sun sa wasu gidajen birni komawa gare ta a 'yan shekarun nan.

Waken suya

Babban sauyi a cikin sana'ar kanta ya zo ne daga waken suya. An shigo da shi Najeriya a farkon ƙarni na 20, ya samu karɓuwa a ƙasar Tibi ta Binuwai, inda aka riƙa noma shi don fitarwa waje. Matan kudancin Kaduna, musamman yankin Kafanchan, sun yi suna wajen yin daddawa da shi. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tsadar rayuwa ta tsananta, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tare da hukumomin aikin gona sun ƙarfafa noman waken suya da cin sa a gida, kuma a wannan zamani ne awara ta fara bazuwa a Arewa.

Dalilin karɓuwarsa a wurin masu daddawa mai sauƙi ne. Ana ɗan soya waken, a ɓarza, a sheƙe ɓawon, a dafa shi cikin 'yan sa'o'i, don haka itacen da ake ƙonawa da ruwan da ake ɗiba sun ragu ƙwarai. Ana noma shi kowace damina, ba a jiran bishiyar da ke ɗaukar shekaru kafin ta fara 'ya'ya. A yau ana samun daddawar waken suya zalla da wadda aka gauraya da kalwa. Masu saye da suka san kan abin suna bambance su ta launi da ƙamshi, kuma ta kalwa ita ce ta fi daraja da tsada.

Halin da ake ciki a yau

Kasuwar daddawa tana nan da ƙarfinta. Ana sayar da ita curi-curi a kasuwannin ƙauye, ana auna kalwa da mudu da tiya, ana loda buhunanta a manyan motoci. An samu masu niƙa ta su zuba a roba ko leda mai tambari don kantunan birni da tallar intanet. Alhazai da ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a Saudiyya da Sudan da Ingila da Amurka suna tafiya da ita tare da garin kuka da yaji da kilishi. Injin niƙa ya rage wa mata wahalar daka, kuma cibiyoyin bincike sun ƙera injunan ɓare kalwa, ko da yake yawancin masu sana'ar a karkara har yanzu da turmi da tukunya suke aiki.

Matsalar tana wajen bishiyar. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a arewacin yankin. Ƙaruwar jama'a ta sa gonaki ba sa hutawa, garmar shanu da tarakta suna tumɓuke ƙananan tsiro, dabbobi suna cinye wanda ya tsira, masu gawayi da masu katako suna sare manya. Sau da yawa akan kakkaɓe 'ya'yan gaba ɗaya, wani lokaci tun ba su gama nuna ba don gudun a riga mai su, har babu ƙwayar da za ta faɗi ta tsiro. Sakamakon haka, a gonaki da yawa tsofaffin ɗorayi ne ke tsaye babu matasa a bayansu. Rashin tsaro a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja ya ƙara hana mata da yara zuwa ɗibar 'ya'yan a wasu wurare, abin da ya taimaka wajen tsadar kalwa.

Ɗorawa tana ɗaukar shekara biyar zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya, amma in ta kama takan ciyar da gida har jikoki. Tana tsirowa daga iri ba tare da wahala ba idan aka jiƙa kalwar ko aka ɗan fasa ɓawonta, kuma abin da ƙaramar bishiya ta fi bukata shi ne shinge daga dabbobi a shekarunta na farko. Gwanintar yin daddawa tana nan a hannun dubban mata, masu saye kuma suna ƙaruwa a gida da waje. Ɗorewar daddawar kalwa ta dogara ne ga manoma da masu gari da hukumomin gandun daji su mayar da ɗorawa bishiyar da ake dasawa da gangan ake kuma hana sarewa, maimakon dogaro da waɗanda kakanni suka bari a gona.